Yadda Ake Gwada Saurin Tsokokin Idon Sawu, Da Yadda Ake Gyara Tsayuwa Don Su Riƙa Kamawa Da Wuri

Mutumin da ƙafarsa ke yawan gurɗewa yakan ɗora laifin a kan rashin ƙarfi. Sai ya duƙufa ɗaga dunduniya safe da yamma har sharaɓarsa ta yi tauri, amma ba a jima ba ƙafar ta sake turguɗewa a daidai inda ta saba. Ƙarfi yana da ranarsa, sai dai a nan maganar lokaci ake yi. Gurɗewa takan gama aikinta cikin abin da bai kai rubu'in daƙiƙa ba, ita kuwa tsokar da za ta tare ta sai saƙo ya je laka ya dawo kafin ta motsa. Ko ta riski abin ko ta makara, ya danganta da yadda jikin yake kafin tsautsayin: inda nauyi ya zauna a tafin ƙafa, ko gwiwa a sandare take, inda ƙirji ya karkata, da inda ido ke kallo. Waɗannan ne za ka koyi gwadawa da gyarawa.

Kayan aiki

- Daɓe mai tauri marar santsi, da fili wanda za ka yi taku uku ta kowane ɓangare ba ka ci karo da komai ba.
- Bango, ko kujera mai nauyi da ba ta zamewa, domin dafawa.
- Waya mai kyamara. Idan tana da tsarin bidiyon da ke rage gudun motsi, mai ɗaukar hotuna 120 ko 240 a daƙiƙa, ya fi.
- Tef ɗin awo ko rula, da alli ko salatif na yin alama a ƙasa.
- Dogon tawul mai ƙwari, ko faffaɗan bel.
- Robar atisaye mai talewa. Idan babu, a tsaga tsohon tiyub ɗin keke a tsaye, yana yin aikin.
- Filo mai ɗan tauri, ko bargo da aka ninka huɗu. Katakon nan mai lilo da ake sayarwa don koyon daidaita tsayuwa yana da kyau, amma ba dole ba ne.
- Ƙwallo, littafi da biro.
- Mataimaki wanda zai iya tare ka idan ka tafi luu. Mataki na 5 ba ya yiwuwa sai da shi.

Tun yanzu ka san iyakar kayan nan. Ainihin lokacin da tsoka ke farkawa ana auna shi ne da na'urar EMG, wadda ke sauraren wutar tsoka ta wayoyin da ake liƙawa a fata. Waya ba ta ganin wannan, motsin da ya biyo baya kawai take gani. Amma tunda kanka za ka riƙa kwatantawa da kanka, tsayuwa da tsayuwa, ƙafar dama da ta hagu, wayar ta wadatar.

Mataki na 1: Ka tabbatar ƙafar ta isa aiki

Idan targaɗen sabo ne, ƙafa a kumbure tana zogi, ka dakata tukuna. Akwai ƙa'idar da likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar a 1992, wadda asibitoci da yawa ke bi don sanin wanda ke bukatar hoton ƙashi. Idan ka kasa yin taku huɗu a kan ƙafar ko da ɗingishi, ko ka danna gefen baya na ƙashin idon sawu, daga tsininsa zuwa santimita 6 sama, ka ji zafin a ƙashin kansa, ka nufi asibiti. Haka nan idan zafin yana kan ƙullin ƙashin da ke tsakiyar gefen ƙafa ta waje, a layin ƙaramin yatsa, ko kan wanda ya ɗan turo ta gefen ciki.

Ka isa farawa idan kana tafiya ba ɗingishi, kuma kana iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 10 ba tare da suka ba. Mai fama da jiri, mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ya fara dindiris, dattijon da ya taɓa faɗuwa, da mai tsohon ciki, su tsallake mataki na 5 da na 8, sauran kuma su yi da hannu ɗaya a bango.

Mataki na 2: Ka nemo tsokokin da hannunka

Zauna a kujera ba takalmi. Rukuni uku za ka laluba.

Ɗaga yatsun ƙafa zuwa wajen ƙwauri, dunduniya na ƙasa. Naman da ya kumburo a gefen ƙashin ƙwauri ta waje shi ne tibiyalis na gaba. Shi ke riƙe ka idan jiki ya tafi baya.

Sai ka danna yatsu a ƙasa ka ɗaga dunduniya. Sharaɓa hawa biyu ce. Ta sama, gastiroknimiyas, ta faro ne daga saman gwiwa ta baya, saboda haka da ka lanƙwasa gwiwa sai ta saki. Ta ƙarƙashinta, soliyas, ba ta tsallaka gwiwa ba, ita ce ke aiki ko gwiwa a miƙe ko a lanƙwashe. Dukansu sun haɗu a jijiyar agara, kuma su ke riƙe ka idan jiki ya tafi gaba.

Na uku shi ne wanda yawancin mutane ba su taɓa sanin suna da shi ba. Juya tafin ƙafa ya kalli waje, gefen ƙaramin yatsa ya ɗago, ba tare da gwiwa ta motsa ba. Ka sa yatsun hannu a bayan ƙashin idon sawu na waje, za ka ji wata jijiya ta miƙe tana zillo. Ka bi ta sama zuwa gefen ƙafa. Feroniyas ke nan, dogo da gajere, kuma su ne masu hana ƙafa naɗewa ciki, wanda shi ne irin targaɗen da ya fi yawa.

Ga lissafin da ya sa duk wannan aiki ya zama dole. Milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan likita ya buga jijiyar agara da 'yar gudumarsa ta roba, tsokar takan amsa cikin milisakan 30 zuwa 40. Idan aka fizge daɓen da mutum ke tsaye a kai, amsar da ke riƙe tsayuwa takan fara a idon sawu tsakanin milisakan 70 da 110, kamar yadda Fay Horak da Lewis Nashner suka nuna a Amurka a 1986. Idan kuma katakon gwaji ya kife gefe da ƙafa, feroniyas kan farka tsakanin milisakan 50 da 90, sai dai farkawa daban, jan ƙafar da ƙarfi daban, wannan yana zuwa ne daga baya. Motsin da ka yi niyya da kanka ya fi duka jinkiri. Ke nan tsokar da aka samu a kwance ba ta cika cim ma gurɗewa ba. Wadda ke cim mata ita ce wadda aka samu a ɗan ɗame, kamar direban da ƙafarsa ke kan birki tun kafin yaro ya faɗo titi.

Mataki na 3: Ka ji yadda karkata ke sauya tsokar da ke aiki

Tsaya kana fuskantar bango da tazarar kamu biyu, ƙafafu daidai faɗin ƙugu. Karkata gaba a hankali, jiki a miƙe ɗoɗar daga dunduniya zuwa kai, idon sawu kaɗai ke lanƙwasawa. Sharaɓa za ta yi tauri, yatsu su kama ƙasa. Ka tsaya a nan ka lura: tsokar a farke take sarai, amma ta riga ta kashe yawancin abin da take da shi, kuma filin da ya rage a gabanka kaɗan ne. Wanda aka ture a wannan hali sai dai ya jefa ƙafa.

Juya ka ba bango baya da tazarar taƙi ɗaya, ka karkata baya. Jijiyoyin saman ƙafa za su miƙe, yatsu su ɗago. Nan ya fi haɗari, domin dunduniya gajeriya ce, kuma tsokar gaba ba ta kai sharaɓa ƙarfi ba. A wannan tsayuwa sharaɓa ta saki gaba ɗaya. Mutanen da ke tsayawa a kan dunduniya, gwiwa a sandare, ciki a ture gaba, a wannan hali suke wuni ba su sani ba.

Yanzu ka yi ta lilo tsakanin biyun kana rage nisa, har ka samu inda yatsu ba su kama ƙasa ba, ba su kuma ɗago ba. A tsayuwa mai kyau nauyin jiki yana sauka ne 'yan santimita kaɗan a gaban idon sawu, shi ya sa soliyas ba ta taɓa hutawa gaba ɗaya muddin mutum na tsaye a haka. Wannan ɗan ɗamewar ake nema.

Abu na ƙarshe, dafa bango ka yi ɗage a kan yatsu, ka ɗan kaɗa idon sawu hagu da dama. Za ka ji ya yi sako-sako fiye da lokacin da tafi ke ƙasa. Ƙashin da ke zaune a cikin gaɓar ya fi faɗi ta gaba, ya tsuke ta baya. Idan yatsu suka nuna ƙasa, siririn ɓangaren ne ke cikin gurbin, sai riƙon ya koma kan jijiyoyi da tsoka. Dalilin ke nan da ya sa takalmi mai tsinin dunduniya, saukowa daga matakala, da dira a kan ƙafar wani suke yawan jawo targaɗe.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne karyewa a ƙugu maimakon idon sawu. Idan ɗuwawu ya tafi baya ƙirji ya sunkuya, ƙugu ne ya karɓe aikin. Wannan ma hanya ce da jiki ke bi, musamman a kan siririn wuri ko idan turin ya yi ƙarfi, amma ba ita ake gwadawa yanzu ba.

Mataki na 4: Awon farko

Ka fara da lanƙwasar gaɓar. Sa tef a ƙasa daga gindin bango. Ajiye babban yatsa a santimita 5, ka kai gwiwa ta taɓa bango ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Idan ta taɓa, ja ƙafar baya da santimita ɗaya ka sake, har ka kai inda ba ta yiwuwa. Wajen santimita 10 shi ne abin da aka saba gani a lafiyayyar ƙafa. Bambancin da ya kai santimita 2 tsakanin ƙafafun biyu abin lura ne, domin gaɓar da ta ƙi lanƙwasawa gaba takan tilasta wa mutum dira da yatsu a ƙasa.

Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, hannaye a ƙugu, daƙiƙa 30. Ba tsawon lokaci za ka rubuta ba, kurakurai za ka ƙirga: duk sauke ɗaya ƙafar, duk sakin ƙugu, duk tsalle ko jan ƙafar da ke ƙasa, duk karkatar ƙirji mai yawa. Ka yi a tsayuwa huɗu, kowace ƙafa:

1. Gwiwa a sandare, ido a bango.
2. Gwiwa a ɗan sake, ido a bango.
3. Gwiwa a ɗan sake, kai a sunkuye kana kallon ƙafa, sannan a ɗage kana kallon rufi.
4. Gwiwa a ɗan sake, ido a rufe.

Ka huta rabin minti tsakaninsu. Abubuwa uku ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda jiki yake: ido, kunnen ciki, da jin da ke fitowa daga tsoka, gaɓa da fatar tafin ƙafa. Ɗaga kai sama yana rikita na biyu, rufe ido yana cire na farko. Ƙafar da ta yi kyau da ido a buɗe amma ta watse da aka rufe, ido ne ke rufa mata asiri, kuma ranar da hankali ya tafi kan ƙwallo ko dare ya yi, asirin zai tonu.

Kada ka yi awon nan bayan gudu ko doguwar tsayuwa, kada kuma ka yi da ƙafa mai sanyi ƙalau. Gajiya da sanyi duk suna rage saurin saƙo. Ka yi tafiyar minti 5 tukuna, kuma duk ranar awo ka maimaita a lokaci ɗaya, a daɓe ɗaya.

Mataki na 5: Gwajin saki

Wannan ne ya fi kusa da abin da ake yi a ɗakin bincike, kuma shi ya fi nuna wa mutum abin da ba ya so ya yarda da shi.

Jingina wayar a ƙasa ta gefenka, da nisan mita 2 zuwa 3, yadda za ta ɗauki ƙafafunka da hannayen mataimakin a lokaci guda. Zagaya tawul a ƙugunka, mataimakin ya riƙe bakinsa biyu ta baya, ƙafarsa ɗaya gaba ɗaya baya. Ka karkata gaba daga idon sawu har ka ji tawul ne ke riƙe da kai. Karkata kaɗan ta isa, wadda taku ɗaya zai tare. Gabanka ya zama fili, ko katifa a jingine. Mataimakin ya yi shiru, ya saki a lokacin da ya ga dama, wani sa'in bayan daƙiƙa 2, wani sa'in bayan 7. Idan ya ƙirga ko ya ja numfashi kafin ya saki, gwajin ya lalace, domin jikinka zai shirya.

Domin karkatar ta zama iri ɗaya kowane karo, ka yi alamar alli inda yatsunka suke da inda ƙafar mataimakin take, ku kuma ɗaure ƙulli a inda yake riƙe tawul.

Ka yi sau 5 a kowace tsayuwa: gwiwa a sandare, gwiwa a sake, kai a sunkuye kamar mai duba waya, sannan kana ƙirga lambobi da baya da ƙarfi, daga 100 kana cire 7. Ka jefar da na farko a kowane rukuni, tsoro ne ke cikinsa.

Wajen dubawa, ka ja bidiyon hoto bayan hoto. Ka nemo hoton da hannun ya buɗe, ka ƙirga zuwa wanda yatsun ƙafar da ta yi takun suka bar ƙasa. A bidiyo mai hotuna 240, kowane hoto wajen milisakan 4 ne. A mai 120, wajen 8. A bidiyon yau da kullum mai 30, kowane hoto milisakan 33 ne, wanda ya yi gwaɓi da yawa ga wannan lissafi. Idan irin wayarka ke nan, ka bar ƙirga hotuna, ka duba wasu abubuwa: taku nawa ka yi kafin ka tsaya, tsawon takun farko da tef, da ko ƙafar ta sauka a miƙe ko a kan gefenta na waje. A ganina wannan na ƙarshen ya ma fi lambar amfani. Na sha ganin mai saurin jefa ƙafa wanda kullum a gefen ƙaramin yatsa yake sauke ta, kuma irinsu ne ke dawowa da kumburi.

Ka lura da wace ƙafa ke fita. Mai tsohon targaɗe yakan jefa mai ciwon, saboda jikinsa bai yarda ya bar mata nauyi ita kaɗai ba, ko kuma ya ƙi jefa ta sam. Ko wanne ne, ka rubuta. Idan babu mataimaki, kada ka ɗaura tawul a ƙofa ka ce za ka saki da kanka, tunda ka san lokacin, babu abin da ka auna. Ka tsaya a awon mataki na 4.

Mataki na 6: Gyaran tsayuwa, daga ƙasa zuwa sama

Tafin ƙafa ya taka ƙasa a wurare uku: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Gindin babban yatsa shi ne wanda ke ɓacewa a wajen masu yawan targaɗe. Jijiyar feroniyas dogo tana ratsa ƙarƙashin tafi ta je ta kama ƙashin da ke layin babban yatsa, saboda haka danna wurin a ƙasa yana tayar da tsokar. Ka gwada da hannu a gefen ƙafa, za ka ji ta amsa. Yatsu su kwanta a miƙe, kada su dunƙule.

Gwiwa a sake kaɗan, ba tsugunno ba, iyakar yadda ƙoƙon gwiwa zai iya motsi idan ka taɓa shi. Ta kalli yatsa na biyu.

Ƙugu ya zauna daidai, kada ɓangaren ƙafar da ke sama ya zube. Mutane kan yi mamaki idan an ce matsalar idon sawu tana da hannun ƙugu, amma tsokar gefen ɗuwawu ce ke yanke inda ƙafa za ta sauka. Idan ta yi rauni, ƙirji ya rinjaya waje, nauyi ya koma gefen ƙaramin yatsa, kuma feroniyas ta fara aikinta daga baya.

Ƙirji a saman ƙugu, ba gantsarewa, ba ranƙwafawa. Ido a gaba.

Gargaɗi: kada gyara ya koma sandarewa. Mai koyo yakan ɗaure duk jikinsa ya riƙe numfashi, yana ganin ya tsaya da kyau. Ƙafar da ta ƙame ba ta jin ƙananan motsi, kuma ba ta da sauran abin ƙarawa idan turi ya zo. 'Yar rawar da kake gani a idon sawu lokacin tsayuwa a ƙafa ɗaya ba laifi ba ce, gyara ne jiki ke yi. Idan ba ka iya magana a wannan tsayuwa, ka ɗame da yawa.

Mataki na 7: Atisayen mako 8

Tun 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Freeman, ya kawo bayanin cewa ƙafar da ke yawan kuɓucewa bayan targaɗe ta rasa wani ɓangare na jinta ne, ya kuma ba da shawarar atisayen daidaita tsayuwa. Wani bincike a Holan a 2009, a kan 'yan wasa fiye da 500 da suka yi targaɗe, ya nuna atisayen gida na mako 8 ya rage sake targaɗewa da wajen kashi 35 cikin 100. Sau 3 a mako, minti 15 zuwa 20, ya isa. Ka yi wa ƙafafun biyu.

Mako na 1 da na 2, a daɓe mai tauri. Tsayuwa a ƙafa ɗaya yadda aka gyara, daƙiƙa 30 sau 3. Ɗaga dunduniya da gwiwa a miƙe sau 15, da gwiwa a lanƙwashe sau 15, nauyi a kan babban yatsa, kada dunduniya ta gudu waje. Sai roba: zauna, ɗaura ta a ƙafar tebur, rataya a gaban ƙafarka, ka juya tafi waje da sauri, ka dawo a hankali cikin daƙiƙa 3, sau 15. Gwiwa kada ta taya. Idan awon bango ya gaza, ƙara da kai gwiwa bango sau 15.

Mako na 3 da na 4, ka fara ɗauke wa jiki abin dogaro ɗaya bayan ɗaya. Juya kai hagu da dama, ɗaga shi sama, sannan rufe ido. Ka zana layi uku a ƙasa, gaba, baya ta dama, baya ta hagu, ka riƙa miƙa ɗaya ƙafar tana taɓa ƙarshen kowanne ba tare da ka ɗora mata nauyi ba.

Mako na 5 da na 6, hau filo, ka kuma kawo abin da ba ka shirya masa ba. Jefa ƙwallo a bango ka cafe, ko mataimaki ya jefo ta sama, ƙasa, gefe, yadda ya ga dama, ko ya ɗan ture ka a kafaɗa da ƙugu. Wannan ne zuciyar aikin. Filo shi kaɗai yana koya maka tsayuwa a kan filo ne kawai.

Mako na 7 da na 8 na dira ne, ga shi a mataki na gaba.

Kada ka wuce gaba don kwanaki sun cika. Ka wuce idan ka yi daƙiƙa 30 da kuskure ɗaya ko babu. Kada kuma ka haɗa filo da rufe ido a rana ɗaya da ka fara ɗayansu. Gajiyar tsoka ba komai, amma suka a gaɓa ko kumburin da ya kwana yana nufin ka koma baya da mako ɗaya.

Mataki na 8: Dira

Kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, tsokokin idon sawu sun riga sun fara ɗamewa tun tana iska, ƙwaƙwalwa ce ke kintatar lokacin da ƙarfin saukar. Wannan shiri ne ke cike giɓin da aka lissafa a mataki na 2, kuma ana koyonsa.

Fara da taka wani abu mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ka sauko da ƙafa biyu, ka ƙame daƙiƙa 3. Gaban tafi ya fara taɓawa, dunduniya ta biyo nan take, gwiwa da ƙugu su lanƙwashe tare, ƙirji ya ɗan zo gaba. Kunnenka ne alƙali: dira mai ƙara tim, gwiwa ce a sandare. Idan ta yi laushi, koma ƙafa ɗaya, sannan ɗan tsalle gaba, sannan gefe, sannan tsalle da juyi rubu'i. Tsallen gefe zuwa wajen ƙafar da ke dira shi ne mai wuya, a nan ƙirji ke son wuce ƙafa. Sau 5 zuwa 8 masu kyau sun fi 20 na gajiya.

Ka ɗauki bidiyo daga gaba, waya a ƙasa, ka tsayar a hoton ƙarshe kafin taɓa ƙasa. Tafin ya kamata ya fuskanci ƙasa sosai. Idan gefen waje ya rataya ƙasa da na ciki, ka rage tsayi, ka riƙa tuna babban yatsa tun kana sama. Daga baya ka sa takalmin da kake wasa ko aiki da shi ka maimaita, domin tudun takalmi yana rage jin ƙasa, kuma wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje yana karkatar da ƙafa tun kafin ka yi komai.

Mataki na 9: Sake awo

Ka maimaita mataki na 4 da na 5 a ƙarshen mako na 4 da na 8. Kada ka sa ran lambar hotuna ta faɗi warwas. Tsawon jijiya ba ya sauyawa, dogon mutum ma saƙonsa ya fi daɗewa a hanya, kuma shekaru na ƙara jinkiri. Abin da ya fi sauyawa shi ne raguwar kurakurai da ido a rufe, taku ɗaya a maimakon biyu, saukar ƙafa a miƙe, da matsowar ƙafa mai ciwo kusa da 'yar'uwarta.

Idan mako 8 sun cika ƙafar na nan tana kuɓucewa a tafiya ta yau da kullum, ko tana maƙalewa, ko wani abu na tsallake ƙashin idon sawu ta waje da ƙara, ko ka kasa ɗaga yatsu sama, ka je wajen likitan ƙashi ko na gashin ƙashi ya duba jijiyoyin. Idan kuwa an samu ci gaba, ka rage zuwa sau 2 a mako na minti 10, ka sa shi cikin ɗumama jiki kafin wasa. Wanda zai koma wasa mai tsalle da juyi a shekarar farko bayan targaɗe zai iya haɗawa da abin ɗaure idon sawu mai igiya a lokacin wasan, ya cire shi lokacin atisayen.